Babi na Bakwai: Ma'aunin Nisa na Haske da Yadda Ake Zaɓensa

Tun kafin Bature ya shigo ƙasar Hausa da sarƙarsa ta awo da taswirarsa, mutanen wannan ƙasa ba su rasa hanyar sanin tazarar da ke tsakanin wuri da wuri ba, domin addini da kansa ya ɗora musu wannan bukata. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zauren malaminsa ya san cewa matafiyi ba ya yin ƙasaru sai tafiyarsa ta kai baridi huɗu, wato mil 48. Magini da masaƙi suna da kamu da taƙi, mai haƙar rijiya da gaba yake lissafi, fatake kuwa, waɗanda suka riƙa ratsa ƙasar Daura tsakanin Kano da Damagaram, da zango suke ƙidayar hanya. Galibin waɗannan ma'aunai daga jikin ɗan Adam aka ciro su, ko daga juriyar dabbarsa, don haka kamun dogo ya kan ɗara na gajere; amma da yake jama'a sun san da wannan saɓani, sai su kan yi wa juna rangwame, ciniki ya faɗa.

Da mulki ya koma hannun Ingilishi sai awo ya zama al'amarin hukuma. A lardin Kano, wanda Daura ke cikinsa a wancan zamani, aka fito da malaman taki, masu bin gonaki suna ƙidayar taku domin a yanka haraji gwargwadon faɗin gonar mutum. Baure kuwa ta ga wani awon da ya fi wannan nauyi. Bayan jihadi, wajen 1805, Daura ta rabu uku, Fulani suka riƙe birni, tsohon gidan sarauta ya kafu a Zango da Baure, har Baure ta daɗe tana fuskantar Damagaram a sha'anin biyayya. Sa'an nan, tsakanin 1906 da 1908, wakilan Ingila da Faransa ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka biyo ta wannan yanki, suna duban taurari da dare suna jan awo da rana, suka kafa alamomi 148 tun daga bakin kogin Kwara har tafkin Cadi, aka tabbatar da aikinsu a 1910. Sakamakon wannan awo ne ya sa mutumin Babban Mutum da surukinsa na Magarya suka wayi gari a ƙasashe biyu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki lamba a kan nisa abin wasa ba, ko da kuwa a filin wasa aka fito da ita.

Na'urar da za mu yi bayani a kanta 'yar ƙarama ce, tafin hannu ɗaya na rufe ta, ana kara ta a ido ɗaya a hangi abin da ake nufi, a danna maɓalli, nan take lamba ta bayyana a cikin gilashin. Asalin hikimarta tsoho ne. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Masar wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abin da ake kallo ya shigo ido, ya kuma tafi a kan cewa haske, duk da tsananin saurinsa, yana bukatar lokaci kafin ya isa inda za shi. A 1676 wani masanin taurari ɗan ƙasar Danmak, Ole Rømer, ya kafa hujjar wannan magana daga lura da watannin Mushtari. A yau an san haske yana cin kilomita 299,792 a sakan ɗaya. Da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, wato haske siriri wanda ke tafiya a miƙe ba ya bazuwa, sai ya zama abin da ya rage shi ne a harba shi, ya bugi abu ya dawo, a lissafa lokacin da ya ɗauka, a raba biyu. Da wannan dabara ake auna nisan wata ta hanyar madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a can a 1969, hasken ya je ya dawo cikin kimanin sakan biyu da rabi. A filin wasa kuwa, tutar da ke nesa da mita 150 tana mayar da hasken cikin kashi ɗaya daga miliyan na sakan, kuma kafin na'ura ta bambance yadi ɗaya da mai bi masa, wajibi ne agogon cikinta ya iya riskar kashi shida daga biliyan na sakan. Wannan duka a cikin abin da ake sawa a aljihun riga. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Soja da safiyo ne suka fara cin moriyar wannan ilmi, amma waɗanda suka mayar da shi kayan kasuwa mai sauƙin samu su ne mafarauta da masu ƙwallon lambu, wasan da Turawa ke kira golf. Wasa ne na mutanen Sikotilan, ya kuma shigo mana tare da masu haƙar kuza da jami'an mulki: filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna tun 1921, akwai a Kano da Zariya, sa'an nan na IBB a Abuja wanda aka buɗe a 1991. A ƙasar Katsina da Daura doki ne ya mallaki zukatan manya, tun da Sarki Muhammadu Dikko ya karɓi folo, ɗansa Usman Nagogo ya shahara da ita, talaka kuma yana da dambensa da kokawarsa; saboda haka ɗan Baure, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ba ya haɗuwa da wannan wasa sai aikin soja ko na gwamnati ko fatauci ya kai shi wani babban birni. Irin waɗannan mutane suna ƙaruwa, su ne kuma su kan tura kuɗi a sayo musu na'ura daga waje bisa abin da suka gani a talla, alhali mai tallar bai taɓa shaƙar hazo ba.

Dalilin bukatar awo a wannan wasa a fili yake. Doka ta yarje wa ɗan wasa sanduna 14, kowace da iyakar inda take kai ƙwallo, tsakanin sanda da 'yar'uwarta kuwa abin da ya kai kamar yadi goma. Wanda ya yi kuskuren yadi goma a ƙiyasinsa ya zari sandar da ba ita ba, ƙwallonsa ta faɗa ramin yashi ko ta wuce ta shiga daji. A tsofaffin filayen Arewa akwai ƙarin mas'ala, domin an saba kewaye rami da yashi da aka cuɗa da baƙin mai a maimakon ciyawa, kuma da rani ƙasa ta kan ƙeƙashe har ƙwallo in ta sauka sai ta yi ta gudu, ta yadda sanin nisan tutar da ke nuna ramin kaɗai bai wadatar ba, sai an san nisan wurin da ya kamata ƙwallon ta fara taɓa ƙasa. Akwai agogon hannu da manhajar waya masu aiki da tauraron ɗan Adam, sai dai su sun dogara ga a ce wani ya riga ya shigar da taswirar filin, kuma kuskurensu ya kan kai 'yan mitoci. Ma'aunin haske ba ya neman taswira, ba ya neman sabis, abin da ido ya hango shi yake aunawa.

To, mas'alar farko ita ce nauyi. Wanda zai zagaya ramuka 18 a ƙafa, tafiyar awa huɗu ko fiye a ƙarƙashin ranar bazara, in ya auna sau biyu kawai a kowane rami ya ɗaga na'urar sau 36 ke nan, kuma abin da ke da nauyi a jaka ya kan kwana, mai shi ya koma ga zato. Masu sauƙin cikin waɗannan na'urori, irin Coolshot 20 GII ta kamfanin Nikon, ba su wuce giram 130 ba, wato ba su kai nauyin wayar hannu ba, manya kuwa na kamfanoni irin su Bushnell su kan haura giram 300. Amma a nan akwai abin lura wanda masu talla ba su cika ambatawa ba. Na'urar tana kusanto da abin da ake kallo kamar ninki shida, tana kuma ninka rawar hannu daidai da haka; idan ta cika sauƙi, numfashi kaɗai ya isa ya kawar da ita daga sandar tuta, wadda a nisan yadi 200 siririya ce ƙwarai a ido. Saurayi mai ƙarfin damtse ba zai damu ba. Dattijo, ko wanda hannunsa ke ɓari, ya fi dacewa da matsakaiciya, tsakanin giram 170 da 200, ko kuwa wadda aka sa wa dabarar tsayar da hoto, ko da ta fi tsada. A ra'ayina ba a sayen wannan abu da ido. Sai an riƙe shi da hannu biyu, an dafe gwiwar hannu a ƙirji, an ga ko hoton ya natsu.

Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, yadi 800 ko 1,000 ko fiye, gaskiya ce mai sharaɗi, domin ana samunta ne a kan abu mai faɗi mai ƙyalli, kamar bango fari ko allon ƙarfe, cikin iska mai tsabta. Tuta 'yar ƙyalle ce, hasken da take mayarwa kaɗan ne, shi ya sa nisan da na'ura ke kama ta bai kan kai rabin wancan ba. Tun da kuwa ƙalilan ne ke buga ƙwallo ta haura yadi 300, abin tambaya wurin mai sayarwa shi ne nisan da take kama tuta, sa'an nan ko tana fifita abu na kusa a kan na nesa. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya raba ta 'yan wasa da ta mafarauta: ta mafarauci an tsara ta ta ƙyale ganye da ciyawar da ke gaba ta kamo dabbar da ke bayansu, ta ɗan wasa kuma ta kama tuta ta ƙyale darbejiyar da ke bayanta. Wanda ya sayo ta farauta bisa rashin sani zai riƙa samun nisan itatuwa yana tsammanin na rami ne. Mafi yawan na yanzu su kan yi 'yar girgiza a hannu idan sun kama tutar, wannan kuwa fa'ida ce babba ga mai raunin gani.

Sai batun yanayinmu, wanda shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga hamada ta rufe Katsina da Kano, hasken da na'ura ta harba yana karo da ƙwayoyin ƙura a hanya, wani ya watse, wani ya dawo tun bai isa ba. Idan hazon ya yi kauri sai na'urar ta ƙi ba da lamba, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ba da gajeriyar lamba ta ƙarya, domin an koya mata fifita na kusa. Tsananin rana ma yana rage mata ƙarfi, saboda rana tana zubo da irin hasken nan da ido ba ya gani wanda na'urar ke aiki da shi. Waɗansu suna da tsarin da aka yi domin raɓa da yayyafi, yana kuma taimakawa a hazo gwargwado. Ƙurar ba a iska kaɗai take ɓarna ba, tana shiga ta gefen maɓalli da murfin batir. A duba alamar IP da ke jikin kwali: lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, idan kuwa aka ga harafin X a gurbin ta farko, kamar IPX4, ma'anarsa ba a ba da shaidar komai a kan ƙura ba. Mu nan ta farkon ta fi damunmu. Kada a goge gilashi da bakin riga yana da ƙura, sai an hure shi tukuna, in ba haka ba yashi zai karce shi. Kada a bar na'urar cikin mota a rufe a watan Afrilu. Kada kuma, ko da wasa, a kalli rana ta cikinta, ko a bar yaro ya yi haka, domin makanta na iya biyowa.

Batir ƙaramin al'amari ne a Turai, babba a wurinmu. Galibinsu da wani gajeren batir mai suna CR2 suke aiki, wanda samunsa a kasuwar ƙauye abu ne mai wuya, sai an aika birni. Wanda ya zaɓi irin wannan ya sayi biyu ko uku ya ajiye. Akwai masu caji da irin igiyar waya, waɗanda ko mai cajin sola na bakin kasuwa zai cika su, illa iyaka batirin cikinsu in ya tsufa ba kowa ke iya sauya shi ba. Rubutun cikin gilashi baƙi ya fi fitowa da tsakar rana, ja kuma da asuba da almuru. A tabbata tana juyawa tsakanin yadi da mita, domin 'yan wasa da yadi suke magana, safiyo da mita, yadi kuwa santimita 91 ne da 'yan kai.

Akwai kuma mas'alar halas da haram ta cikin wasan. Hukumomi biyu masu rubuta dokokinsa, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, sun fara barin kowane fili ya yarje amfani da ma'aunin nisa a 2006, daga 2019 kuma ya zama halas a asali sai inda masu gasa suka hana. Abin da bai halasta a gasa ba shi ne lissafin hawa da gangara, wato na'ura ta auna tudu ta ce wa ɗan wasa, nisan yadi 150 ne amma ka buga kamar 160. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano wannan ƙari bai cika amfani ba, a Jos da Abuja yana da rana wurin koyo. Wanda ya so shi ya nemi mai maɓalli a waje, wanda abokin wasa zai gani da idonsa cewa an kashe. Wasa ne da ba alƙali a bayan kowa, mutum shi ke ƙidaya bugunsa, saboda haka duk abin da zai jawo shubuha gara a nisance shi.

Ina so in yi wata magana a kan yaran nan masu ɗaukar jakar sanduna, waɗanda galibi 'ya'yan talakawan unguwannin da ke kewaye da filayen ne, da yawa kuma daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga nan suka taso. Sanin nisa shi ne jarinsu, sun haddace kowace bishiya da kowane kwari. Na'ura ba ta san inda iska ta dosa ba, ba ta san inda ƙasa ta yi tauri ba, ba ta kuma san cewa a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙwallo ta fi tafiya saboda sauƙin iska ba. Maigidan da ya sayi na'ura ya rage wa yaronsa lada ya zalunce shi. Wanda ya miƙa masa ita ya riƙe, ya auna, ya haɗa lambar da abin da ya sani, shi ne ya ci ribar biyun.

Kafin a biya kuɗi, sabuwa ce ko ta hannu, a gwada ta a kan nisan da aka riga aka sani, domin jabu sun yi yawa: a ja tef a auna mita 50 zuwa bango, a harba sau uku, a ga ko lambar ta tsaya wuri ɗaya, sa'an nan a nemi turken wuta mai itace a bayansa a ga wanne ta kama.

Idan mai ita ya zo gida hutun salla, la budda za a roƙe shi ya auna gona, nan kuma ne ya kamata ya san haddinta. Masu ƙera ta sun yi alkawarin daidaito da kuskuren yadi ɗaya ko mita ɗaya, sama ko ƙasa, abin da a wasa ba ya cutarwa. A gona mai mita 100 kowane gefe, wato hekta ɗaya, idan kowane gefe ya ƙaru da mita ɗaya faɗin ya ƙaru da murabba'in mita 201, wanda ya kusa rabin fulotin nan na ƙafa 50 da 100. A kan fulotin kansa kuwa, mai gefen da bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, mita ɗaya ya isa ya raba zumunci. Ta dace da ƙiyasi: sanin yawan taki da irin da gonar gero ko riɗi za ta ci, tsawon bututun da za a ja daga rijiyar burtsatse, ko yawan wayar shinge. A nan ma sai an tsayar da mutum a kan kusurwa riƙe da farin allo, domin gamba da kara ba sa mayar da haske yadda ya kamata, a auna kowane gefe daga ɓangarorinsa biyu. Amma rabon gado, da sayar da fili, da jayayyar iyaka da ta kai gaban mai unguwa ko dagaci ko alƙali, waɗannan haƙƙoƙin bayin Allah ne da ke bukatar yaƙini, a kira safiyo mai rajista da kayan aikinsa, ko aƙalla a ja tef a gaban shaidu. Da yake kuma Baure bakin iyaka ce, kuma asalin na'urar kayan soja ne, hankali ya hukunta kada a kara ta a ido kusa da shingen jami'an tsaro ko ofishin kwastan, a kuma riƙe rasiɗinta a cikin jakarta.